An Rufe Uwa Da 'Ya'yanta

Shafi na 19

Masu cewa na ɓuya, ban ɓuya ba, cajar wayata ce ta ƙone. Ke kuma baiwar Allah da kika ce duk labarin nan ba wanda yake ba ki haushi kamar Yaya, ki ɗan sassauta masa, yau sai kin tausaya masa. Mu je.

*

Motar kwasar kaya ta iso tun rana ba ta yi zafi ba, ta yi ribas har bakin ƙofa ta toshe rabin layin. Maƙwabta suka fara leƙe ta tagogi. Auta na tsaye a tsakar gida, kwali a hammata, waya a hannu, tana bin ayyuka ɗaya bayan ɗaya tana danna musu tik, alamar an gama.

Manhajar da take dubawa ta kamfanin da take aiki ce, da hannunta a cikin rubuta ta. Ba wani abu ba ne mai wuya: ka rubuta babban aiki, ka jera ƙanana a ƙarƙashinsa, wanda ka gama ka danna masa tik ya koma kore. A ofis babban aikin suna ce masa uwa, ƙananan kuma 'ya'ya, har sunan ya bi bakin kowa. Ranar da magadan mai gida suka aiko cewa sun sayar da gidan, wanda ya saya kuma rushe shi zai yi ya gina shaguna, a ranar Auta ta zuba yayyenta biyu a cikin manhajar, Yaya da Anti Nas. Ta ce kowa ya riƙa ganin abin da ke kansa, kar gobe wani ya ce bai sani ba.

Gidan haya ne, amma a cikinsa aka haife su su uku, a cikinsa kuma Baba ya cika.

Ta duba na gaba. Cire fankar falo.

Ta leƙa, ta tarar masu kaya sun riga sun sauke ta, tana kwance a ƙasa fukafukanta a karkace. Fankar da ba ta taɓa tashi da kanta ba sai an tura ta da sandar tsintsiya. Baba mai gyaran rediyo ne, ya gyara rediyon rabin unguwar nan, amma fankar falonsa ta gagare shi har ya bar duniya. Kullum cewa yake ba lalacewa ta yi ba, lalaci ne kawai irin na 'yan gidan. Auta ta yi murmushi, ta danna tik.

A bangon baranda ƙusoshin nan uku suna nan, inda suke rataye jakunkunan makaranta. Ta Yaya can sama, ta Anti Nas a tsakiya, tata can ƙasa daidai gwiwar babban mutum. Ba wanda ya rubuta a cire su, ita ma ba ta rubuta ba.

Sai ta jiyo muryar Mama daga ɗaki tana yi wa masu kaya faɗa.

Mama na zaune a bakin gado, mayafi a kafaɗa, jakar hannunta a cinya tun da safe kamar mai jiran layin asibiti. Samari biyu na tsaye da sifana suna kallon juna. Ta hana su kwance gadon. Ta ce su bar shi, su rufe shi da leda kawai, ai akwai gado a gidan Yaya, wahalar me za a sha a kai shi a dawo da shi.

Auta ta yi wa samarin alama su je su fara da falo. A ranta ta ce tsufa ne, da kuma ƙin sabo da rabuwa. Gadon da ta kwana a kai tun tana amarya, dole ta yi gardama a kansa.

Don ita a saninta an gama da wannan maganar. A cikin manhajar akwai uwa guda da suka sa wa suna Mama, kuma tun makonnin baya ta koma kore. A ƙarƙashinta akwai fentin ɗakin da za ta zauna a gidan Yaya, da labule, da mayar da katin asibitinta, da maganin hawan jini. Can ƙarshe akwai ɗan da Anti Nas ta ƙara daga baya, wanda duk suka yi ta kewaye shi kamar rami a hanya: A faɗa wa Mama ba gyara ba ne, tashi ne. Don da farko magadan cewa suka yi rufi za su gyara, a ɗan matsa na wasu watanni, kuma abin da aka faɗa wa Mama ke nan kafin gaskiyar ta fito.

Rannan Auta na ofis wayarta ta yi ƙara, ta ga ɗan nan ya koma kore, ga sunan Yaya a gefensa. Wallahi sai da ta kifa kai a tebur. Anti Nas ta tura a guruf ɗinsu cewa Allah ya saka da alheri Yaya, ka sauke mana nauyi, ya ta ɗauki abin? Yaya ya amsa da cewa ta ji daɗi sosai, har addu'a ta yi ta zuba masa. Auta da Anti Nas suka kira juna suka sha kuka, suna jinjina tawakkali irin na Mama. Daga ranar ba wadda ta sake ɗaga mata maganar, kar a fama mata ciwo.

“Ke Auta, zo nan.”

Ta matsa. Mama ta buɗe jaka ta zaro wani ɗan ƙyalle, shuɗi mai haske, guntun tsohuwar rigar Baba.

“Ki ba masu gyaran. In sun gama rufin za su yi fenti, to wannan kalar nake so a ɗakina. Irin wadda babanku ya shafa. Kar su zo min da ruwan ƙwai.”

Auta ta karɓa.

Kafin ta samu abin cewa Maman 'Yan Biyu ta gidan da ke jikinsu ta yi sallama ta shigo, ta ce ta zo su yi ban kwana. Mama ta yi dariya ta ce wane irin ban kwana kamar mai barin ƙasa, ita dai amana za ta bar mata. Bishiyar lemon tsamin nan ta bayan ɗakin girki a riƙa zuba mata ruwa, kuma a sa ido kar kafintoci su jibga mata tsohon kwano a kai, don bana ta yi fure sosai.

“In na dawo sai mu raba, ke rabi ni rabi.”

Maman 'Yan Biyu ta kalli Auta. Duk layin nan an san an sayar da gidan, har yara sun sani. Matar ta ce to Allah ya kai mu, ta fita da sauri har tana barin takalmi ɗaya a baya.

Nan Auta ta miƙe ta fita neman yayarta.

Ta samu Anti Nas a ɗakin girki, durƙushe tana naɗe kofuna da tsohuwar jarida. Ta ja ƙofar ta rufe.

“Anti, kin taɓa jin Mama ta ambaci tashin nan da bakinta?”

“Wace irin tambaya ce wannan? Miƙo min salatif.”

“Ta ba ni kalar fenti. Ta ce in ta dawo za su raba lemo da Maman 'Yan Biyu.”

Anti Nas ta ajiye kofin a hankali. Ta ce ƙila ruɗewa ce, tsofaffi suna haka, a asibitin da take aiki tana ganin irinsu kullum, a faɗa musu abu yau gobe su shafe shi. Tana faɗa tana goge hannu a zani, ta goge, ta sake gogewa. Sannan ta zaro wayarta ta buɗe manhajar ta nuna wa Auta kamar Auta ba ita ta rubuta ta ba.

“Ga shi nan kore. Ga sunan Yaya.”

“Na gani. Mu tambaye shi.”

Yaya na bayan mota yana nuna yadda za a jingina firij, gumi ya jiƙa masa riga, yana ta faɗa da direba a kan igiya. Da ƙyar suka janye shi zuwa shagon Baba, ɗan ɗakin da ke bakin ƙofa mai taga a kan layi. An kwashe komai sai teburin aiki da ƙonannen tabonsa, da gwangwanayen madara cike da sukurori a jere a kan taga, da rediyoyi biyu da masu su ba su taɓa dawowa karɓa ba. Har yanzu ɗakin yana warin dalma da ƙura, warin rigar Baba.

“Ku yi sauri, mutanen nan da awa suke aiki,” in ji Yaya.

Auta ta ce, “Yaya, ranar da ka faɗa wa Mama, me ta ce?”

“Na faɗa mata me?”

Auta da Anti Nas suka kalli juna.

Anti Nas ta dafa teburin. “Maganar gidan. Cewa an sayar.”

“Ni? Yaushe? Ba ke kika faɗa mata ba?”

“Ni kuma?”

“Ke kike zuwa auna mata jini duk mako. Ke kika san ranar da za ta iya ɗauka. Na ɗauka tuni kin gama da wannan.”

Anti Nas ta tura masa wayar har kusa da hanci. Ya ja baya, ya laluba aljihu ya sa tabarau, ya karanta. Ya sake karantawa. Ya rantse da Allah bai taɓa ganin wannan layin ba sai yau. Shi abin da ya sani, ranar da aka gama fentin ɗaki aka rataye labule, ya karɓo katin asibiti ya sayo magani, ya buɗe manhaja ya ga an rubuta Mama, ya ce to an gama da na Mama, ya danna. Bai taɓa 'yar kibiyar nan da ke buɗe na ƙasa ba. Bai ma san ana buɗewa ba.

“To da na ce ka sauke mana nauyi fa?”

“Na zaci ɗakin kike nufi.”

“Ka ce ta ji daɗi! Ka ce ta yi maka addu'a!”

“Hoton labulen na nuna mata.”

Anti Nas ta zame ta zauna a ƙasa, a inda kujerar Baba take a da. Ta ce inna lillahi, ta sake cewa, sannan wata dariya marar daɗi ta ƙwace mata. Ta ce ashe kukan da suka sha rannan na labule ne.

Sai duk suka juyo kan Auta. Dama ta san za a zo nan.

Yaya ya ce wane irin shirme ne wannan suka ƙera a kamfanin nasu, mutum ya danna abu ɗaya a rufe masa biyar, har a liƙa sunansa a kan abin da bai yi ba. Anti Nas ta ce ko a asibiti ba a sallamar uwa a rubuta an sallami jariri sai an duba shi.

Auta ta jingina da bango. Ta tuna zaman da suka yi a ofis a kan wannan maganar, ita da abokin aikinta da suke kira Gemu. A da in ka danna uwa alhali akwai ɗan da ba a gama ba, manhajar takan tsaya ta tambaye ka: akwai sauran aiki a ƙasa, ka tabbata? Gemu ya dage a bar tambayar. Ita ta dage a cire, ta ce mutane sun gaji, wanda ya danna uwa ya san abin da yake yi. Har misali ta kawo musu da wani mai amfani da manhajar da ya yi mata ƙorafi. Aka bi nata.

“Da tana tambaya,” ta ce. “Ni na sa aka cire.”

“Don me?”

“Don kai ka ce min ta cika tambaya kamar ɗan sandan hanya.”

Yaya ya cire tabarau ya mayar aljihu. Ya juya yana kallon layi ta taga, inda masu kaya ke fita da kujerun falo a ka.

Ni dai a nan ba zan ɗora wa manhaja laifi duka ba, ku ma kar ku ɗora. Mutum uku, kowa da wayarsa, kowa yana zuwa gidan nan yana gaida Mama yana shan shayinta. Da ɗayansu ya so ya sani, tambaya ɗaya ta isa. Kowa ya ga kore ya ji sanyi a ransa, ya ƙi tonawa.

Kuma ba a banza ba. A gidan nan ba su taɓa koyon kai wa Mama mummunan labari ba, don ita ce mai kaiwa. Ranar da ƙwallon Yaya ta fasa gilashin rediyon wani kwastoma, Mama ya samu a ɗakin girki. Ranar da Anti Nas ta faɗi jarrabawa, a cinyar Mama ta yi kuka. Mama takan ce a bari, ta jira Baba ya ci abinci ya sha ruwa ya miƙe ƙafa, ta tura fankar nan da sanda, sannan ta fara da labarin wani can daban, ta zagayo, ta zagayo, kafin ya farga ta ajiye masa maganar a gabansa ta yi laushi. Su kuma suna laɓe a bayan labule suna sauraro. Ko rasuwar Baba, likita ita ya faɗa wa, ita ta fito ta faɗa musu.

Yaya ne ya fara magana, murya ƙasa ƙasa, ba tare da ya juyo ba. Ya ce abin da ya faru ya faru. A kai ta yau yadda aka tsara, a bar gadon in ya so a dawo a ɗauka da yamma. In ta huta, ta saba da ɗakin, ta saba da jikoki, sai a samu rana a zaunar da ita.

Anti Nas ta ce ita ma ta fi son haka, don da safen nan da ta auna jinin bai yi mata daɗi ba.

“A'a,” in ji Auta.

“Ke fa ba a magana sai kin ce a'a.”

“Yaya, ba ta yi sallama da kowa ba. Maman 'Yan Biyu ta zo ban kwana ta kore ta da dariya. Ba ta shiga shagon nan ba. Ba ta leƙa bayan gida ba. Fita za ta yi kamar mai zuwa kasuwa.”

“To sai me? Ba sauƙi ke nan ba?”

“Sauƙi gare mu. In an rushe fa? Ranar da ta ce a kawo ta ta ga gyara, me za ka nuna mata?”

Yaya ya juyo daga tagar, ita kuma ta ci gaba.

“In ta sani yau, ko kuka ne ta yi shi a ɗakinta. Ta taɓa bangon, ta yafi maƙwabta su yafe ta. In muka fitar da ita a haka mun ƙwace mata wannan, kuma ba mu da inda za mu samo mata shi.”

Anti Nas ta share ido da bakin mayafi. Ta ce to waye zai faɗa. Yaya ya ce shi bai iya irin wannan maganar ba, in ya fara sai ta fito kamar sanarwa. Anti Nas ta ce ita in ta buɗe baki kuka za ta yi, Mama kuma in ta ga kukanta sai ta zaci mutuwa aka yi. Suka kalli Auta su biyu, irin kallon da suke mata tun tana 'yar ƙarama in ana son a roƙi Baba kuɗin kallo, don an san ba ya iya yi mata tsawa.

Ta buɗe manhajar. Ta danna 'yar kibiyar, 'ya'yan suka zubo. Ta cire tik ɗin na ƙarshe. Nan take uwar ma ta bar kore ta koma fari, wayoyin yayyenta suka yi ƙara a tare. Ta sa sunanta a gefen aikin, ta jefa wayar a aljihu.

“Amma ku biyo ni. Ba zan shiga ni kaɗai ba.”

Mama na nan inda suka bar ta. An kwashe durowa da akwatuna, ɗakin ya yi faɗi, muryar mutum har amsawa take. Inda durowar ta tsaya shekara da shekaru fentin Baba na nan sabo fil, shuɗi mai haske, sauran bangon kuwa duk ya koɗe. Auta ta durƙusa a gabanta. Yaya ya tsaya a bakin ƙofa, Anti Nas ta raɓe a gefen gado.

“Lafiya kuka shigo min a jere kamar masu neman izini?”

“Mama, dama...”

“Kin ga wancan wurin?” Mama ta nuna shuɗin da haɓa. “Ranar da muka shigo gidan nan ba mu da komai sai gadon nan da tabarma da akwatin kayan aikin babanku. Ya ce ba zan kwana a ɗaki ba fenti ba. Ya aro buroshi, fentin bai isa ba ya ƙara ruwa. Ya shafa har gashin kansa. Kwana muka yi ƙofa a buɗe saboda wari, sauro ya yi bikinmu.”

Ta yi dariya, dariyar da ta daɗe ba ta yi ba, har tana dafa kafaɗar Auta.

“Da asuba ya ce min, ke dai ki yi haƙuri, wata shida za mu yi mu samu wanda ya fi shi. Kin ji fa. Wata shida.”

Duk kalmomin da Auta ta jero daga shago zuwa nan suka watse. Ta ce Mama, ta sake cewa Mama. Ta waiga, Yaya ya sunkuyar da kai, Anti Nas na kallon silin.

Sai aka yi sallama a tsakar gida.

Wani mutum ne da rigar aiki, tef ɗin awo a ƙugu, fensir a bayan kunne. Ya ce sabon mai wuri ne ya turo shi, an ce yau masu gidan ke fita. Kafin Yaya ya tare shi Mama ta riga ta miƙe, ta gyara mayafi, fuskarta a sake.

“Yauwa, ga mai gyaran. Shigo malam, shigo in nuna maka da kaina, yaran nan ba su san inda yake zuba ba.”

Ta kama hanya ta nuna masa kusurwar da ruwa ke bi in an yi mai iska, da inda silin ya kumbura. Mutumin yana gyaɗa kai cikin ladabi, amma idonsa na kan ƙofar ɗakin. Ya ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa, ya ce kai, katakon da ne, yanzu ba a samun irinsa. Ya ja tef ya auna faɗinta.

“Ƙofar lafiyarta ƙalau,” in ji Mama. “Rufin ne.”

“Ai Hajiya duka za mu cire. Kwano da ƙofofi da tagogi, duk abin da zai moru, kafin...”

Yaya ya yi wani tari da ba na Allah da Annabi ba.

Mutumin ya tsaya. Ya kalli Yaya, ya kalli matan biyu, ya kalli tsohuwar da ke tsaye da jakarta a hannu. Tef ɗin ya zuge ya koma gidansa da ƙara.

“Kafin me?” in ji Mama.

“Au. Hajiya ba a...”

Ta ɗaga masa hannu.

“Tsaya, malam. Kar ka ƙarasa.”

Ta sauke hannun.

“Ba daga bakinka zan ji ba. Ina da 'ya'ya.”

Mutumin ya sulale ya fita. Mama ta koma bakin gadon ta zauna a hankali, ta sauke jakar daga hannunta ta ajiye a ƙasa, ta zame mayafin ta ninke shi a cinya. Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, daga babban har ƙaramar.

“Kai, rufe min ƙofata.”

Yaya ya rufe.

“To. Ina jin ku.”